Mu Ga Tudun Jos da Idonmu Kafin Mu Zana Shi a Allo

'Yan'uwa malamai, duk shekara idan darasin tsaunuka da koguna ya zo, mukan ɗauki alli mu zana tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, mu rubuta Jos a samansa, yara su kwafa. Amma da yawanmu ba mu taɓa taka wannan tudu ba. Abin da muka karanta a kwalejin ilimi shi muke maimaitawa. Shi ya sa idan yaro mai kaifin basira ya ce, "Malam, yaya aka yi ake sanyi a Jos alhali ya fi mu kusa da rana?" sai mu shiga kame-kame. Saboda haka muke ganin ya dace reshenmu ya shirya wa malamai ziyarar Jos a hutun Disamba, domin gani ya kori ji.

Birnin Jos yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, domin ƙasa ce ke ɗumama ta daga ƙasa, kuma tana saki yayin da ta yi sama. Wannan sanyi ne ya sa Turawan mulki suka mai da Jos wurin hutawa, shi ne kuma ya sa dankalin Turawa ke albarka a can. Malamin da ya kwana a Jos cikin hunturu, ya nemi bargo na biyu kafin asuba, ba zai sake rasa amsar wancan yaro ba.

Daga wannan tudu kogin Kaduna da kogin Gongola suka taso. A hanyar Akwanga akwai magangarar ruwa ta Assop, inda ruwa ke zubowa daga gefen tudu, a Riyom kuma ga duwatsu a ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su. A cikin gari akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu. Kusa da shi akwai filin gine-ginen gargajiya, har da kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya. Ramukan da haƙar kuza ya bari, waɗanda ruwa ya cika, su ma darasi ne kan abin da neman arziki ba tare da gyara ba ke jawo wa ƙasa.

Mun san abu biyu za a kawo. Na farko kuɗi, kuma gaskiya ne albashin malamin firamare bai kai wata ba balle ya kai Jos. Sai dai muna yin adashe don biki da suna da kayan salla. Idan masu niyya suka riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa kowane wata, aka ɗauki hayar mota ɗaya, aka nemi masauki a wata makaranta, nauyin zai ragu ƙwarai.

Na biyu tsaro, kuma ba za mu raina wannan fargaba ba. Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, wasu ƙauyukan jihar kuma har yanzu ba su huta ba. Iyalanmu suna da haƙƙin tambaya. Amsarmu ita ce a yi tafiyar rana kawai, a tuntuɓi 'yan'uwanmu malamai na Filato tun kafin a tashi, a bi shawararsu kan hanya da unguwa, idan suka ce a dakata a dakata. Don haka ne ma muka ce malamai su fara zuwa, ba ɗalibai ba. Ba a kai 'ya'yan mutane inda ba a san hanyarsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi darasin labarin ƙasa nauyi. Yaranmu da yawa ba su san Jos da komai ba sai rikici. Idan malaminsu ya dawo ya ba su labarin takwaransa na can, wanda ya tarbe shi, ya ba shi ruwa, ya raka shi Shere, to ya koya musu abin da babu shi a littafin aji.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a naɗa mutum uku su binciko kuɗin mota da masauki, a buɗe littafin adashe. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.