A Fara da Sannu Kafin Faɗan Makara

'Yan uwa malamai, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya ratsa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, yaran yankin nan ba su san hutun rani ba. Ana gama girbin shinkafa sai dashen tumatir da albasa, sai tsinka, sai lodin kwanduna zuwa Kwanar Gafan. Yaron da ya shigo aji ƙarfe tara, ƙafafunsa duk taɓo, sau da yawa tun asuba yake bakin kanal yana taya mahaifinsa ban ruwa.

A ganina, tarbar da muka yi masa a bakin ƙofa ita ke yanke hukuncin ko gobe zai dawo. Idan bulala ce ta fara gaishe shi, gona na jiransa, can kuwa ana biyan lada da yamma. Kira sunansa, ka ce masa sannu da aiki, ka tambayi lafiyar Baba, sannan ka ja shi gefe ka yi masa faɗan makara. Horo bai ragu ba. Na san aji a cike yake, albashi kuma ba ya ganin ƙarshen wata, amma wannan ba ya cin ko sisi.

Haka ma ɗalibin da ke yawan neman izinin fita fitsari. Kada mu mai da shi abin dariya, wataƙila tsargiya ce ya ɗauko wajen wanka a kanal, kunya ta hana shi faɗa. A tambaye shi a keɓe, a sanar da iyayensa su kai shi asibiti, domin tana da magani.