Sadakar Gaban Kyamara: Mabuƙaci Ake Ciyarwa Ko Shafi?

 

Da zarar azumi ya kama, ko Sallah ta gabato, shafukan sada zumunta kan cika da wani irin bidiyo da duk muka saba gani. Matashi zai fito daga mota da ƙullin shinkafa ko 'yan takardun naira dubu-dubu, ya nufi wata tsohuwa a bakin titi, abokinsa na biye da shi da waya a ɗage. Sai a ce ta ɗaga kayan sama, ta ambaci sunan mai bayarwa, ta yi masa addu'a da ƙarfi. In ta fashe da kuka, to bidiyo ya yi kyau. Daga nan sai a ƙalubalanci abokai su ma su yi nasu su ɗora. Wannan yayi ya zama ruwan dare a biranen Arewa, kuma Gusau ba ta tsira daga gare shi ba.

Ba mu da ikon shiga zuciyar kowa, domin niyya tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Amma muna da haƙƙin duba abin da ke zahiri, mu auna shi da ma'aunin addini.

Adalci ne mu fara da hujjar masu wannan aiki. Suna cewa nuna alheri yana zaburar da wasu, kuma suna da madogara. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar da aka bayyana, duk da ta fifita wadda aka kai wa matalauta a ɓoye. Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi labarin mutanen Mudar da suka iso Madina cikin tsumma da yunwa. Annabi (SAW) ya yi kira ga jama'a, wani mutumin Ansar ya kawo jakar da hannunsa ya kusa gaza ɗauka, mutane suka bi sahunsa, kuma aka yi albishir da lada ga wanda ya buɗe ƙofar alheri. Ko a duniyar yau, gasar kwara ruwan ƙanƙara a ka da aka yi a 2014 ta tara wa wata ƙungiya a Amurka kimanin dala miliyan 115 don binciken cutar jijiyoyi ta ALS.

Sai dai mu lura da abu ɗaya. A masallacin Madina, abin da ya fito fili shi ne kyautar mai bayarwa. A gasar ƙanƙara ma, mai bayarwa ne ya jiƙa kansa. Amma a bidiyon da muke magana a kai, abin da ake tallatawa shi ne fuskar mai karɓa, da hawayensa, da tsummansa. Nan ne gizo yake saƙa. Aya ta 264 a wannan Sura ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma kamanta mai ciyarwa don ganin ido da falalen dutsen da ruwan sama ya wanke ɗan turɓayar da ke kansa. Gorin da muka sani a da na baki ne, a faɗe shi a zaure, a manta. Gorin bidiyo kuwa ba ya mutuwa. Yaron da aka ɗauka yana karɓar kwano yau, bayan shekara goma sa'anninsa za su iya nuna masa hoton a makaranta.

Mu tambayi kanmu, su wa ke tsaye a gaban kyamarar nan a Zamfara? Da yawansu manoma ne da makiyaya da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suka kwararo garin Tsafe da Gusau da Bungudu, suna fakewa a kangaye da gidajen dangi. Akwai magidancin da a da yakan fitar da zakkar dame-dame na gero da dawa duk kaka. Akwai uwargidan da tukunyarta ta ciyar da almajirai shekara da shekaru. Dukiya ta tafi, gona ta gagara zuwa, abin da ya rage musu shi ne mutunci. Idan muka karɓe shi a madadin mudu biyu na shinkafa, wannan ciniki ne, kuma mu ne muka ci riba. Kada a ce ai sun yarda a ɗauke su, domin mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a. Ga kuma batun tsaro: a yankin da kowa ke tsoron masu kai rahoto daji, yayata fuskar mutum da inda yake kwana da abin da aka ba shi na iya jawo masa abin da ya fi yunwa muni.

Illa ta biyu ita ce kyamara tana karkatar da sadaka daga inda ta fi dacewa. Aya ta 273 ta ja hankalinmu ga mabuƙatan da wanda bai san su ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, waɗanda ba sa nacin roƙo. Irin waɗannan ba sa shiga layi, ba sa tsayawa a bakin kasuwa. Bazawarar da ke cikin gida da marayu huɗu, da malamin allon da ya kwana bai ɗora tukunya ba, da majinyacin da ya bar takardar magani a aljihu, duk waya ba ta ganinsu. Maƙwabci ne ke ganinsu, da liman, da mai unguwa.

Illa ta uku ta shafi rayuka. Rabon da aka shelanta don a ga taro yakan tara mutanen da suka fi ƙarfin abin da aka tanada. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mutane sun rasa rayukansu a turmutsitsin rabon kuɗi a Bauchi. A Disambar wannan shekara, yara 35 suka mutu a Ibadan, sannan wasu mutanen a Okija da Abuja, duk a wuraren rabo. Ba mu ce masu shirya su sun yi don riya ba. Darasin dai shi ne, tara mayunwata wuri guda haɗari ne, alhali kai wa mutum har gida ba ya kashe kowa.

Sai kuma batun amana. Facebook da TikTok da YouTube suna da hanyoyin da masu yawan 'yan kallo ke samun kuɗi. Wanda ya ba da dubu biyar, bidiyon ya jawo masa mabiya da talla, shin shi ya taimaki tsohuwar, ko ita ta taimake shi? Wanda kuma ya ɗora lambar asusu ya tara kuɗin jama'a da sunan marayu, amana ya ɗauka, kuma wajibi ne ya bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita. A nan ne bayyanawa ta zama dole: a nuna lissafi, a rufe fuska.

Mu a Zamfara ba mu rasa tsari ba. A Gusau aka ƙaddamar da Shari'a ranar 27 ga Oktoba, 1999, kuma jihar tana da Hukumar Zakka da Wakafi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta fayyace kashi takwas na masu cin zakka. Muna da masallatan unguwa da suka san gidan kowa. Muna da koyi da wakafin Sayyidina Umar a Khaibara, da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa Musulmi. Aikinmu shi ne mu raya waɗannan hanyoyi, mu kuma nemi masu riƙe da su su riƙa yi wa jama'a bayani. Yayi kwana kaɗan yake yi ya wuce, yunwa kuwa tana nan bayan Sallah, tana ma tsananta da damina kafin sabon hatsi ya shigo. Shi ya sa hadisin Nana A'isha ya koyar da cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ɗan kaɗan ne, ya fi soyuwa ga Allah.

Ga ɗalibanmu da matasanmu masu kishin taimako, muna roƙon Allah Ya ƙara muku himma. Ku haɗu ku ɗauki gida ɗaya ku riƙe shi shekara guda. Ku biya wa maraya kuɗin makaranta, ko ku biya bashin wani a wurin mai shago ba tare da ya san ku ba. In za ku yi kira a intanet, ku nuna buhunan da rasit, ku bar mutane da sirrinsu. Iyaye kuma mu aiki yaranmu da kwanon abinci gidan maƙwabci bayan magariba, kamar yadda aka aike mu, mu koya musu su ajiye su juyo ba tare da jiran godiya ba.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, yakan ɗauki buhun abinci a bayansa da dare ya kai gidajen matalautan Madina, kuma ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abincin ya yanke. Kafin mu ɗaga waya, mu tambayi zuciyarmu: da babu mai gani, za mu bayar? Da mahaifiyarmu ce a layin, za mu yarda a ɗauke ta?

Allah Ya tsarkake niyyarmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya mayar da 'yan'uwanmu gidajensu cikin aminci. Amin.