Siffar Ƙagaggen Tsuntsu: Ƙarya Ma Tana da Ƙa'idarta

A zangon karatun da ya wuce, wani ɗan ajinmu ya karanta mana gajeren labarin da ya rubuta a darasin ƙagaggun labarai. A ciki akwai wani tsuntsu da ya sauko daga sama ya sure 'yar sarki tare da dokinta. Da ya ƙare sai malam ya tambaye shi kamannin tsuntsun, ya ce, "Ƙato ne ƙwarai, baƙi ƙirin, mai ban tsoro." Aka ce to bakinsa fa, da ƙafafunsa, da fikafikansa? Sai ya ce ai labari ne, ba a bin diddigin ƙarya. Nan aji ya rabu biyu. Ni ina cikin waɗanda amsar ba ta gamsar ba, kuma maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana dalilina. Maganata a kan halittun da marubuta ke ƙagowa ta tsaya, ba ta shafi abin da ya zo a littattafan addini ba.

A ganina, duk marubucin da ya ƙago halitta mai kama da tsuntsu, wajibi ne ya san ƙirar jikinta tun daga baki har wutsiya, ko da ba zai zayyana duka a takarda ba. Magabata ma da suka yi fice a wannan fage ba su tsaya ga "ƙato ne" ba. Hirodotus, masanin tarihin nan na Girka wanda ya rayu fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo labarin tsuntsun Finis, ya amsa cewa a zane kaɗai ya gan shi, amma duk da haka ya faɗi launin gashinsa, watau ja da ruwan zinariya, ya kuma kwatanta girmansa da ƙirarsa da na mikiya. Haka nan a cikin Dare Dubu da Ɗaya, kafin Sindibad ya ga tsuntsun nan Rukku a tafiyarsa ta biyu, sai da ya fara ganin ƙwansa, ya zaci wata farar ƙubba ce, ya kewaye shi yana ƙirga taku. Daga baya ya kwance rawaninsa ya ɗaure kansa a ƙafar tsuntsun. Ashe mai labarin ya ba mu ma'auni, daga ƙwai da ƙafa muka auna sauran jiki da kanmu.

To, amma mu da muke rubutu a yau muna da abin da su ba su da shi, shi ne sanin iyakar da jiki ke sa wa tashi sama. Tun a shekarar 1638 Galileyo ya bayyana cewa nauyin abu ya fi faɗinsa saurin ƙaruwa. Alal misali, idan aka ninka tsawon shaho sau 10 ta kowace fuska, faɗin fikafikansa zai ninku sau 100, amma nauyinsa sau 1,000 zai ninku. Shi ya sa tsuntsaye mafiya nauyi da ke tashi a yau, irin manyan dangin tuje, ba su cika kai kilo 20 ba. Jimina kuwa da ta haura kilo 100 sai ta bar wa wasu sararin sama, ta dogara ga ƙafafunta masu yatsu bibbiyu. A tsibirin Madagaska an yi wani tsuntsu mai tsawon kusan mita 3, wanda ƙwansa ɗaya ya kai na kaza kamar 150. Wasu masana na ganin labarinsa na iya zama tushen Rukku, amma shi ma bai taɓa tashi ba. Ko wanda aka tono ƙasusuwansa a Ajantina, mai faɗin fikafikai fiye da mita 5, a kan iska yake shawagi kamar ungulu. Saboda haka tsuntsun da Marko Polo ya ji labari, wai yana sunkutar giwa ya sako ta ƙasa, ba shi da gurbi a duniyar da muka sani.

Wannan ba ya nufin a daina ƙago irinsa. Abin da yake nufi shi ne marubuci ya san inda ya saɓa wa ɗabi'a, ya kuma biya kuɗin saɓawar. Ba ma sai ya je nesa neman ilmin ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Duk wanda ya taɓa fige tantabara ya ga ƙashin nan mai tsini da ya fito a tsakiyar ƙirji, inda tsokar fikafikai ke kamawa. Jimina ba ta da shi. Bakin shirwa a lanƙwashe yake don yagar nama, na zalɓe kuwa dogo ne kamar mashi don sukar kifi. Idanun mujiya a gaba suke irin na mafarauci, na kurciya a gefe irin na wanda ake farauta. Kowace gaɓa labarin rayuwar mai ita take bayarwa.

Bari mu gwada da tsuntsun abokin namu, mu raɗa masa suna Ɗanhazo. Tun da ƙato ne, sai mu ba shi faffaɗan ƙirji mai zurfi kamar kwale-kwale, da fikafikai masu faɗi waɗanda gashin ƙarshensu ya rarrabu kamar yatsu, da gajerun ƙafafu masu kauri, farata uku a gaba ɗaya a baya. Idanunsa su kasance a gaba, wuyansa ba gashi, launinsa toka-toka yadda zai saje da hazon hunturu. Irin wannan jiki ba zai iya tashi daga fili ba, dole sai ya faɗo daga kan dutse, kuma sai rana ta take, iska mai zafi ta fara hawa sama. Ga shi nan da nan labari ya samu ƙafafu. Ɗanhazo ba zai ɗauki doki ba, 'yar sarki kaɗai zai sura, ita ma sai in ta hau tudu. Lokacin guduwarta shi ne asuba, sa'ad da iska ke da sanyi, shi kuwa ba shi da ikon bin ta. Jarumin da zai cece ta ba ya bukatar takobin tsafi, dabarar da zai jawo tsuntsun cikin kwari ita ce makaminsa. Duk wannan daga siffa ya fito.

Masu ɗaya ra'ayin sun ce tatsuniyoyinmu ba su damu da siffantawa ba, ga Dodo nan ba wanda ya san ƙirarsa, kuma rashin sanin ne ke ƙara masa kwarjini. Wannan magana gaskiya ce, ban kuwa raina ta ba. Sai dai ita tatsuniya da dare ake yin ta, ga duhu, ga muryar kaka tana kumbura tana ƙanƙancewa, ga yara sun riga sun gaji tsoron Dodo tun suna goye. Marubuci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Halittarsa baƙuwa ce, ba wanda ya taɓa jin sunanta, kuma daga shi sai takarda da tawada. In har zai ɓoye siffa don ya tsorata mai karatu, to ya ɓoye abin da ya sani, kamar yadda mai labarin Sindibad ya nuna ƙwai ya jinkirta tsuntsu. Wanda ya ɓoye don bai sani ba, mai karatu kan gane shi tun a shafin farko.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin ɗayanmu ya ƙago tsuntsu, ya je bakin fadama ko mahauta ya zauna ya kalli na gaske, ya tambayi mafarauta da masu kiwon tantabaru sunayen gaɓoɓi, domin kalmomin suna nan a bakinsu, mu ne ba mu nema ba. Ina kuma roƙon malamanmu su riƙa yi mana irin tambayar da aka yi wa abokin namu a duk labarin da muka kawo. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, filin wannan mujalla a buɗe yake. Allah ya sa mu dace, amin.