Uwa, wa ya ba ɗanki gorar nan?

An gama girbi, gonaki sun yi fili, kin kuma san abin da ke biyo baya a ƙauyukan Karaye da Rogo: gangar farauta. Samari za su fito da gora da barandami, wasu da wuƙa a damtse. Kafin naki ya bi sahu, zo mu yi magana kan abin da zai riƙe.

Bari in fara kai ki nesa, ƙasar Niyu Zilan, wajen Mawori, 'yan asalin ƙasar. Suna da sandar yaƙi mai suna taiaha, tsawonta kusan mita ɗaya da rabi. A bakinta ana sassaƙa kai da idanu da harshe a waje. Harshen ƙalubale ne ga abokin gaba. Fuskar kuwa gaba da baya ake yin ta, wato mai sandar ba ya gafala. Akwai kuma mere, gajeren kulki na koren dutse. Manyan cikinsu kowanne da sunansa, ana gadonsa daga kaka zuwa jika, har akan ba da shi kyauta don ƙulla sulhu. Idan babban baƙo ya zo, jarumi yakan fito da taiaha, ya ajiye ganye a ƙasa. Baƙo ya ɗauka, an san da alheri ya zo.

Mu ma muna da irin wannan. Tagwayen masu na Sarkin Kano ba na sukar kowa ba ne, alamar mulki ne. A hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin gadon al'adun duniya a 2024, mahayi kan ɗaga mashi ko takobi ya yi jinjina, ma'ana makamin nan yana ƙarƙashin doka. Wuƙar damtse tana kwance cikin kube da baduku ya ƙawata, kuma dattijo ba ya zare ta don wasa. Mafarauta suna da Sarkin Baka, yaro yakan koyi dawa a bayan ubangidansa.

A can da nan, makami yana zuwa da wanda zai tsawata wa mai riƙe shi. Yau yaro yakan sayo nasa a kasuwa, babu mai koya masa, babu mai tambayarsa. Mu ma'aikatan jinya mu ke ganin ƙarshen labarin: rotse, da sara a hannu, sau da yawa a kan gardamar wa ya fara jifan zomo.

Don haka ki tambayi ɗanki abu uku: wa ya ba ka, wane babba za ka bi, yaushe za ka dawo? In babu sunan babba, ki sa mahaifinsa ko kawunsa a maganar.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ki danne ciwon da tsumma mai tsabta, ki ci gaba da dannewa har asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa ko kashin shanu. Ƙarfen da ya maƙale a jiki kada a zare shi a gida. Ki tambayi allurar tetanus. Wanda gora ta sama a ka, ko da ya tashi yana dariya, a sa masa ido. Amai, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko farfaɗiya, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk na gaggawa ne. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a dogara da maganin tauri.

Ba cewa nake a hana yara al'ada ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan akwai tsohuwar sanda ko takobin kaka a gidanku, ki sa a ɗauko, a gaya wa yaran wa ya riƙe shi da irin mutuncin da aka san shi da shi.

Allah Ya tsare mana zuri'a.