Kiɗan 'yancin kan Najeriya da aka fara kaɗawa a Ingila

A ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya na 1960, wanda Turawan Birtaniya biyu suka samar: Lillian Jean Williams ta rubuta baitocin, Frances Berda ta tsara kiɗan. An yi ta muhawara kan dacewar hakan, amma ba a cika tuna wani kiɗan na wannan shekara ba, wanda shi ɗan ƙasa ne ya tsara.

Mai kiɗan shi ne Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905. Ya koyi kiɗan coci a Legas, ya tafi Landan a 1934, sannan ya dawo gida a 1953 ya jagoranci sashen kiɗa na gidan rediyon ƙasa. Domin bikin samun 'yancin kai ya tsara Folk Symphony. Simfoni dogon kiɗa ne da ake rubutawa a takarda, makaɗa da dama su kaɗa shi tare da kayan tsirkiya da na busa da ganguna. Sowande ya gina nasa ne a kan waƙoƙin gargajiya, musamman na Yarbawa.

Sai dai a lokacin Najeriya ba ta da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da za ta iya ɗaukar wannan aiki. Don haka makaɗan birnin Bournemouth na Ingila ne suka fara kaɗa shi a 1960, ƙarƙashin jagorancin Charles Groves. A 1962 aka kaɗa shi a zauren Carnegie da ke New York. Sowande ya rasu a Amurka a 1987, kuma har yau 'yan ƙasarsa kaɗan ne suka taɓa jin wannan kiɗa.

Abin da ya taimaki aikin nasa shi ne yana rubuce, ko bayan shekara ɗari ana iya ɗauko shi a kaɗa. A nan ne batun ya shafi ƙasar Hausa. Kiɗan fada na tambari da kakaki da algaita, da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos, a ka ake riƙe su, sai kuma faifai da kaset. Idan makaɗi ya rasu bai bar magaji ba, salon hannunsa kan bi shi.

A unguwar Nassarawa GRA ta Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna a farkon ƙarni na 20, wanda yanzu ke hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar. Irin wannan wuri ne ya dace da tara tsofaffin makaɗa, a naɗi kiɗansu, a rubuta shi, a koyar da matasa. Aikin na buƙatar kasafi na dindindin da ƙwararrun malamai, kuma da yawa daga makaɗan da suka san asalin kiɗan sun manyanta.