Kunamar bindiga ce ma'aunin doka a Amurka

A Amurka, ba girman ƙaramar bindiga ko yawan harsasan da take ɗauka ba ne ke raba wadda farar hula zai iya saye a kanti da wadda za ta kai shi kurkuku. Dokar tarayya tana duba abu guda ne: harsashi nawa ke fita idan aka ja kunama sau ɗaya.

Ƙa'idojin tarayya sun bambanta libarba, wadda harsasanta ke cikin wani gida mai juyawa, da fistol. Akasarin fistol na yau kan yi amfani da ƙarfin harsashin da ya tashi su fitar da kwanso, su kuma ɗora wani harsashin da kansu. Duk da haka sai an sake jan kunama kafin na biyu ya fita, don haka dukkansu halal ne a idon doka.

Mashinga kuwa, a ma'anar dokar 1934, ita ce bindigar da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya da aiki guda na kunama. Tun watan Mayun 1986 aka haramta wa farar hula mallakar sababbi.

Wani ɗan ƙarfe da bai fi kwabo girma ba shi ne ya rikita wannan tsari. Idan aka maƙala shi a bayan fistol ƙirar Glock, sai ta riƙa ɓarin harsasai muddin yatsa na kan kunama. Kamfanin Glock ba shi ke ƙera shi ba, kuma doka na ɗaukar ƙarfen shi kaɗai a matsayin mashinga, da hukuncin ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 10. Amma hakan bai hana shi bazuwa ba. Hukumar ATF mai kula da makamai ta ce an kama irin waɗannan na'urori 5,454 tsakanin 2017 da 2021, alhali 814 ne kawai aka kama a shekaru biyar da suka gabaci wannan lokaci.

Kotun Ƙoli ta nuna irin nauyin da lafazin dokar ke da shi a watan Yunin 2024. Alƙalai shida cikin tara sun soke haramcin da aka sanya wa wani ƙari da ake yi wa gindin doguwar bindiga, irin wanda maharin Las Vegas ya yi amfani da shi a 2017. Hujjar Mai Shari'a Clarence Thomas ita ce, komai saurin harbin, kunamar tana motsawa ne sau ɗaya ga kowane harsashi. Wanda ake harbi dai ba zai ga wannan bambanci ba. Hukuncin bai shafi ɗan ƙarfen na Glock ba, amma ya nuna wa jihohi cewa kotun tana auna yadda kayan cikin bindiga ke aiki ne, ba irin ɓarnar da take yi ba.

A watan Oktoban 2025 gwamnan jihar Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a kan wata doka da ta ɓullo da sabon rukuni, wato fistol da ke da sauƙin mayarwa mashinga. Dokar ta hana dillalai sayar da irinsu daga 1 ga watan Yulin 2026, ko da yake ba ta ƙwace na hannun jama'a ba, ba ta kuma shafi 'yan sanda ba.

Wannan babban sauyi ne, domin a nan ana hukunta bindiga ne bisa abin da za a iya mayar da ita, maimakon abin da take yi ranar da aka saye ta. Ƙungiyar NRA ta masu kare haƙƙin mallakar makamai ta garzaya kotu tun a watan da aka sa hannu, tana mai cewa an haramta ɗaya daga cikin ƙananan bindigogin da Amurkawa suka fi saye.