Jikin ɗan wasa ba hajar kasuwa ba ne

Malam Edita,

Duk lokacin da aka koka da yadda Hollywood ke tallar jikin 'yan wasa, sai a ce ai da yardarsu ne, kuma ana biyansu. Ban gamsu da wannan amsa ba. Maria Schneider tana da shekara 19 aka haɗa ta da Marlon Brando, mai shekara 48, a fim ɗin Last Tango in Paris na 1972. A 2013 daraktan, Bernardo Bertolucci, ya amsa da bakinsa cewa da gangan shi da Brando suka ɓoye mata wani ɓangare na abin da za a yi mata a gaban kyamara, don wulaƙancin da zai bayyana a fuskarta ya zama na gaske. Ina yardar take a nan? Yarinyar da makomarta ke hannun darakta ba ta da bakin cewa a'a.

Wasu na ganin maza ba su da abin kuka. Amma Henry Cavill ya ce sai da ya yi kwana uku yana rage shan ruwa kafin a ɗauke shi ba riga a shirin The Witcher, don fata ta lafe a kan tsoka. Mai kallo yana yaba ƙirji, mai ƙirjin kuwa ƙishirwa ke cinsa. Masana'antar ma ta san akwai ɓarna, shi ya sa tun 2018 tashar HBO ta wajabta sanya jami'i mai kare 'yan wasa a duk wurin ɗaukar fitowar tsiraici ko ta jima'i.

Naku,
Wani mai karatu